Kun Sayi Gida Mai Tsohon Lambu? Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Ɗauki Adda

A tsofaffin unguwannin ma'aikata, irin su Nasarawa a Kano, Unguwar Rimi a Kaduna ko GRA ta Zariya, akwai gidaje masu faɗin fili da kan yi shekaru a rufe. Wasu rabon gado ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wasu kuma mai gidan ne ya koma wani gari ya bar mai gadi shi kaɗai. Damina biyu ko uku sun isa su mayar da irin wannan fili kurmi. Ranar da sabon mai gida ya karɓi makulli, sai ya tarar ciyawa ta kai ƙirji, rassa sun kwanta a kan kwano, yaɗo ya lulluɓe katanga, ba a ma gane inda hanya take.

Abin da kan fara zuwa wa mutum shi ne ya kira leburori ya ce a share komai. A nan ake tafka asara. Ciyawar da aka nome yau, mako biyu na ruwan Agusta ya isa ya dawo da ita. Mangwaron da aka sare kuwa, ko ɗan aure aka dasa a madadinsa sai an jira shekara uku zuwa huɗu kafin a ga 'ya'yan fari, inuwarsa kuma sai an haura shekara goma. Cikin kuɗin da kuka biya har da na bishiyoyin da wani ya yi shekaru yana yi wa ban ruwa. Saboda haka ƙa'idar aikin guda ɗaya ce: kada a sare abin da ba a san sunansa ba.

Kafin ku kutsa cikin duhuwar

Fili mai ciyawa gidan ɓeraye ne da kwaɗi da ƙadangaru, inda waɗannan suke kuwa maciji ba ya nisa. A Arewa, kububuwa ce ta fi yi wa mutane illa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Akwai kasa, wadda ba ta gudu idan ta ji motsi, akwai kumurci mai fesa dafi a ido. Yawan saran maciji ne ya sa aka keɓe asibiti sukutum domin shi a Kaltungo ta jihar Gombe, kuma a shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Duk wanda zai shiga, ko mai gida ko lebura, ya sa dogon takalmin roba da wando mai kauri da safar hannu. A riƙe doguwar sanda ana bugun ciyawa kafin a taka. Kada a cusa hannu ƙarƙashin tarin bulo, tsohon kwano ko busasshen itace, a fara juya su da sanda, domin nan ne maɓoyar kunama da maciji. A ɗaga kai a duba rassa ko akwai gidan rina ko zuma. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa zobe da agogo, a hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Wanda aka fesa wa dafi a ido, a wanke masa da ruwa mai yawa nan take, sannan a kai shi asibiti.

Akwai haɗarin da ya fi maciji ɓoyuwa: tsohuwar rijiya, tsohon masai, da sokawe wanda murfinsa ya ruɓe. Ciyawa takan rufe bakinsu ruf. A tambayi mai gadi ko maƙwabta inda suke, a kafa alama, kuma kada yara su shiga filin sai an gano su duka.

Zagayen farko na ido ne

A fara da buɗe 'yar siririyar hanya da lauje, daga ƙofa zuwa kowace kusurwa. Sai a ɗauki takarda a zana filin: ga gini, ga katanga, ga rijiya da sokawe, ga inda wayar wuta ta ratsa. Kowace bishiya a sa mata lamba, a ɗauki hoton ganyenta da ɓawonta da furenta ko 'ya'yanta in akwai. Wadda za a bari a ɗaura mata tsumma ko a shafa mata fenti, domin leburan da aka biya kuɗin kwangila sauri yake yi, ba ya tsayawa bambance ɗan dashen lemo da tsiron daji.

Matambayi ba ya ɓata. Tsohon mai gadi ya san mangwaron da ke da zaƙi da wanda ba ya haihuwa. Dattijuwar da ke maƙwabtaka za ta nuna muku ganyen miya da na magani cikin abin da kuke kira ciyawa. Masu sayar da dashe a bakin titi sun san fulawoyin da aka shigo da su daga waje, malaman gona kuma sun san cututtuka. Manhajojin waya irin su Google Lens da PlantNet suna taimakawa, amma sukan yi kuskure a kan tsirranmu, don haka kada a ci wani ganye ko a ba yaro don kawai waya ta faɗi sunansa. Idan abu ya gagara, sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru yana da ma'ajiyar busassun tsirrai inda masana ke tantance su.

Kada a yanke wa bishiya hukuncin mutuwa don an gan ta ba ganye. Kuka takan zubar da ganyenta da rani. Gawo kuwa akasin haka yake yi, da damina yake tsayawa tsirara, sai ruwa ya ɗauke ya yi kore. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. In an ga kore mai damshi a ƙarƙashi, da ranta. In ruwan ƙasa ne busasshe kuma reshen ya karye ƙas, a gwada wani reshen kusa da gindi kafin a haƙura. Wanda ke da hali ya bar manyan bishiyoyi su zagayo shekara guda, ya ga furensu da 'ya'yansu da inda inuwarsu ke faɗuwa a watan Afrilu, sannan ya yanke shawara.

Waɗanda ake riƙewa

Mangwaro, gwaba, lemun zaƙi da na tsami, yazawa, dabino, tsamiya, kuka, zogale, lalle, magarya da kurna duk dukiya ce, ko da sun yi kaca-kaca. Mafi yawansu gyara kawai suke so. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga Indiya ne, an fara dasa ta a lardin Borno a ƙarshen shekarun 1920, yau kuma ita ce inuwar kusan kowane gari a Arewa. Babbar a riƙe ta. Amma tsuntsaye da jemagu suna watsa 'ya'yanta, za ku tarar da ɗaruruwan ƙanana a gindin katanga. Waɗannan a tumɓuke su tun suna tsawon taƙi.

Cikin ciyawar ma akwai abinci. Tafasa, yaɗiya, lalo, gasaya, rama da ɗoɗɗoya sukan fito da kansu. Sai dai a kula da masu kama da juna. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, furensu duka rawaya. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, bibbiyu sau uku a kan kara, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa. Ganyen rai-ɗore kuwa mai tsini ne, ya fi yawa a kan kara, kwansonsa a baje yake, in an murza ganyen kuma wari yake yi mai ƙarfi. Ɗanyun ƙwayoyin rai-ɗore suna cutar da yara da dabbobi.

Masu guba

Waɗannan su ne ba a yi musu jinkiri a gidan da ke da yara ko awaki. Zaƙami ana gane shi da babban fure fari ko mai ruwan shunayya, dogo mai buɗaɗɗen baki, da ɗa mai ƙayoyi cike da ƙwayoyi. Daga saiwa har fure guba ne, yana gusar da hankali, yana iya kisa. Zurma tana da faffaɗan ganye mai yatsu, ƙwayarta mai sheƙi da zane-zane, abin sha'awa ga yaro, 'yan kaɗan in an tauna sun isa su halaka shi. Bini-da-zugu, da ake shinge da shi, ƙwayarsa tana da garɗi a baki, yara kan ci su kama amai da gudawa. Tumfafiya da tinya da aguwa farin ruwansu ne matsalar: in ya shiga ido yana ƙona shi, don haka ba a sare su ba tabarau. Haka nan wata fulawar ado mai siririn ganye da rawayan fure da farin ruwa, da aka cika dasawa a tsofaffin gidajen gwamnati, ƙwallonta yana taɓa zuciya. Sai ƙarara, mai hawa bishiya, wadda kwansonta ke da gashi ruwan goro. Wanda ya taɓa shiga ƙaiƙayinta ba ya mantawa. A cire ta tun kwanson bai bushe ba, domin da hunturu iska ma ɗauko gashin take yi.

Duk waɗannan, in ba shingen iyaka ba ne, a tone su da saiwarsu, a tattara 'ya'yan a buhu, kada a zubar inda dabbobi ke kiwo, kada kuma a yi girki da itacensu.

Masu cin gini da masu cin bishiya

Ku bi katanga da bayan ɗakuna a hankali. Duk inda kuka ga ɗan tsiron cediya, durumi, gamji ko ɓaure ya fito daga tsagar bango, indararo ko gefen sokawe, tsuntsu ne ya ajiye irin a kashinsa. Yau ganye huɗu ne, amma saiwarsa tana kumbura a cikin tsagar shekara bayan shekara har ta raba bulo da bulo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zare shi da saiwa, a toshe tsagar da siminti. Yanke kansa kawai ƙara masa ƙarfi ne.

Babbar bishiyar da ke jingine da gini kuwa, a duba alamu kafin a ɗora mata laifi: daɓen da ya ɗago, tsagar da ke ƙara faɗi, bututun ban ɗaki da ke yawan toshewa. In babu ko ɗaya, sau da yawa rage rassan da ke gogar kwano ya wadatar. In akwai, a kira magini ya duba tare da wanda ya san bishiya. A kuma ƙwanƙwasa gindin kowace babbar bishiya. Wadda ta yi amon rami, ko gara ta yi mata hanyar ƙasa har sama, ko ta karkata ƙasar gindinta ta ɗago, iskar farkon damina za ta iya kayar da ita kan ɗaki.

A saman bishiyoyin kuma a nemi kauci. Za ku ga wani cunkus na ganye daban da na bishiyar, sau da yawa da jan fure sirara. Tsuntsu ne ke manna irinsa a reshe, shi kuma ya kafa saiwa a cikin itacen yana shan ruwanta. Yana kama lemo, gwaba, darbejiya da kaɗanya. Fizge shi ba ya magani, sai an yanke reshen da yake kai, a ɗan sauko ƙasa da kumburin da ya yi. Yaɗo irin su garafuni da ya haye bishiya, a yanke shi daga gindi a bar shi ya bushe a sama. In aka ja shi yana ɗanye, da rassa yake saukowa.

Yadda ake yi wa bishiya aski

Bishiyar da ta yi shekaru ba gyara, ba a gama ta rana ɗaya. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara. A fara da matattun rassa, sai masu cuta, sai masu gogar juna, sannan waɗanda suka cunkushe tsakiya suka hana iska da rana shiga. Abin da aka saba gani na guntule kan bishiya gaba ɗaya a bar gungume, illa ce. Rassan da za su fito daga baya ba su da ƙwari, ruɓa kuma ta sami ƙofa.

Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi, da zarto, ba da adda ba. Da farko a ɗan tsaga shi ta ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiyar. Sai a matsa gaba kaɗan a yanke ta sama har ya faɗi. Tsagar farko ce ke hana shi ɓare ɓawon uwar yayin faɗuwa. Daga nan a cire guntun da ya rage, dab da ɗan kumburin da ke wuyan reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan ne bishiya ke rufe ciwonta.

Kowace da lokacinta. Mangwaro da hunturu yake fure, don haka gyaransa sai an gama cin 'ya'ya, wajen shigowar damina. Wanda ya yi masa aski a Disamba ya zubar da amfanin shekarar. Gwaba a sabon reshe take haihuwa, tana son a rage mata. Lemo da mangwaro 'yan aure, a nemo gaɓar auren a ƙasan gindi, duk tohon da ya fito ƙasa da ita a cire, domin na uwar daji ne, in aka bar shi zai rinjayi mai daɗin. Zogale da lalle ba sa fushi, ko an datse su daidai ƙugu za su tofo da kyau. Ayaba kowane kara sau ɗaya yake haihuwa, a sare waɗanda suka gama, a bar uku a kowane gindi: babba, matsakaici da ƙarami. Gwandar da ta tsufa ta yi tsawo 'ya'yanta suka ƙanƙance, gara a shuka sabuwa.

Kututturen da ya tofo ma ba abin yarwa ba ne. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983, manoma tare da wani masanin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka inganta dabarar da ake kira sassabin zamani: maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mafi ƙarfi ɗaya zuwa biyar a bari, a cire sauran. Tun da tsohuwar saiwa na nan a ƙasa, girman yakan yi sauri fiye da na sabon dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da ya yi aiki a gona zai yi a bayan gida.

Ciyawa iri biyu ce

Akwai mai mutuwa kowace shekara ta bar iri, kamar ƙarangiya, tsidau, ƙashin yawo da kyasuwa. Maganinsu a nome su kafin su yi 'ya'ya. Irin da ya riga ya zuba zai ci gaba da fitowa damina biyu ko uku, amma kowace shekara raguwa yake yi muddin ba a bar sabo ya zuba ba.

Akwai kuma mai rai a ƙarƙashin ƙasa: tofa, kiri-kiri da jiji. Waɗannan sara ba ya kashe su, kaftu da garma ma yaɗa su yake yi, domin kowane guntun saiwa sabon tsiro ne. A tone su da rani, a tsince saiwoyin, a shanya su a rana su bushe ƙurmus. Inda suka yi yawa, a rufe wurin da kwali ko baƙar leda mai kauri na wasu watanni. Tofa musamman ba ta jure inuwa.

In za a yi feshi, a karanta abin da ke jikin robar. Wanda aka rubuta Glyphosate yana bin ganye ya sauka har saiwa, amma ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai ƙone, har da dashenku. Yana aiki ne a kan ciyawa mai ɗanyen ganye, a ranar da ba iska, ba kuma hadari. Wanda aka rubuta Paraquat kuwa a guje shi. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta haramta shi, kurɓa kaɗan tana kisa, kuma ba shi da makari. Kada a yi feshi kusa da rijiya, kada a juye magani a robar lemo, a hana yara da dabbobi shiga sai ya bushe.

Ina za a kai tarkacen?

Cinna wa fili wuta shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi haɗari, balle da hunturu. Wuta tana gasa gindin bishiyoyin da kuke son riƙewa, tana tsallaka katanga, tofa kuma ta fi kowa murna da ita. Gara a rarraba. Manyan rassa su zama makamashi ko dirkoki. Ciyawa mai kyau masu dabbobi za su kwashe da godiya, in ba a yi mata feshi ba. Ganye da ciyawar da ba ta yi iri ba a zuba a rami, ana haɗawa da kashin dabbobi da ɗan toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata uku zuwa huɗu ya zama taki. Gwangwanaye, tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane a kwashe su tun farko. Sauro a ciyawa yake hutawa, amma a ruwan da ke kwance cikin irin waɗannan yake ƙyanƙyasa. Mataccen kututture kusa da gini a tone shi, kiran gara ne.

Maƙwabta da hukuma

Wata bishiyar ko shingen aguwa alamar iyaka ce da aka kafa tun kafin a yi katanga. A duba takardun fili, a yi magana da maƙwabci, in da shakka a sa mai unguwa a ciki. Reshen maƙwabci da ya shigo gidanku, sallama da bayani sun fi gatari. Jihohi da dama suna da dokar hana sare bishiya ba izini, a Nijar ma gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, don haka a tuntuɓi ofishin gandun daji ko na muhalli kafin a kayar da babba. Reshen da ke kusa da wayar wuta aikin ma'aikatan lantarki ne, kada a tura yaro ya hau. A kuma yi hattara da mai cewa zai share fili kyauta a bar masa itacen. Ribarsa tana cikin yawan abin da ya sare. In za a ba shi aikin, a nuna masa bishiya ɗaya bayan ɗaya, mai gida ko wakilinsa na tsaye.

Tsarin shekarar farko

In an bi yanayi, aikin ba ya gagara. Makonnin farko na kawar da haɗari ne: ramuka, masu guba, matattun rassa da tsiron bango. Rani lokacin tonon saiwoyi ne da gyaran katanga, ciyawa ta kwanta ana ganin ƙasa. Gab da damina a yi wa bishiyoyi aski, a share indararo da magudanan ruwa, a zuba taki. Idan ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, a cike giɓi da sabon dashe, manyan bishiyoyi irin mangwaro a nisanta su da gini da sokawe kamar mita 8 zuwa 10. Daga nan abin da ya rage shi ne zagaye da fartanya sau ɗaya a mako har ruwa ya ɗauke. Wanda ya jure wannan na damina biyu zai ga aikin ya koma na rabin awa, kuma zai san kowace bishiya a gidansa da sunanta da lokacin haihuwarta da abin da take buƙata.